PARI/GP: Manhajar da ke Warware Babbar Lamba ba tare da Yi mata Ado ba

Akwai manhajoji da hidimomin intanet da dama waɗanda za ka ba su lamba mai alƙaluma goma ko ashirin, nan take su dawo maka da dogon jerin laƙabobi: cika ce ko mara, tana da yalwa ko tana da giɓi, ana iya karanta ta daga dama kamar yadda ake karanta ta daga hagu, da sauran irinsu. Na daɗe ina amfani da irin waɗannan kafin na koma ga PARI/GP, manhajar lissafi ta kyauta wadda ba ta liƙa wa lamba laƙabi ko ɗaya, sai dai ta amsa abin da aka tambaye ta. A kanta wannan sharhi yake, kuma na taƙaita shi ga aiki guda daga cikin ayyuka masu yawa da take yi, wato a ɗauki babbar lamba wadda ba ta da guntu a bayanta, a gano siffofinta da rukunin da take ciki.

Asalin manhajar daga Jami'ar Bordeaux ta Faransa ne, inda Henri Cohen da abokan aikinsa suka fara rubuta ta a 1985, daga baya kuma kulawa da ita ta koma hannun Karim Belabas tare da Bill Allombert da wasu masu ba da gudummawa. Sunan ya haɗa abubuwa biyu: PARI shi ne rumbun dabarun lissafin da aka rubuta da harshen kwamfuta na C, GP kuma shi ne ɓangaren da mutum ke rubuta tambayarsa ya karɓi amsa. Ana rarraba ta a ƙarƙashin lasisin GPL, saboda haka kowa yana da damar saukewa, ya karanta yadda aka gina ta, ya gyara idan ya iya. Tana aiki a Windows da Linux da macOS, akwai kuma wadda ake sa wa a wayar Android da wadda ake buɗewa kai tsaye a shafinta na intanet ba sai an sauke komai ba. Wanda ya buɗe ta a karon farko zai iya zaton wani abu ya lalace, domin babu maɓallai babu hotuna, sai fili da alamar tambaya tana jiran a rubuta mata wani abu.

Kafin na shiga gwajin, ya kamata na daidaita kalmomin da zan yi amfani da su. Lambar da ta fi 1 wadda babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 2 da 3 da 641, zan kira ta gagara-rabo. Kowace lamba da ta fi 1, in ba ita kanta gagara-rabo ba ce, ana samun ta ne ta hanyar ninka wasu gagara-rabo da juna, kuma hanya ɗaya tak ake iya yin hakan, don haka zan kira waɗannan tubalanta. Alamar ^ kuma tana nufin ninka lamba da kanta, ta yadda 2^5 ke nufin 2 guda biyar an ninka su da juna, wato 32.

Na fara da 1,234,567,890, domin lamba ce da kowa zai iya tunawa kuma ya maimaita gwajin da kansa. Da aka rubuta factor(1234567890), amsar ta fito kafin a ɗaga yatsa daga maɓalli, a tsarin layuka biyar masu gida bibbiyu, gidan hagu yana ɗauke da tubalin, na dama kuma yana nuna sau nawa ya shiga. Tubalan su ne 2 da 3 da 5 da 3,607 da 3,803, kuma 3 ne kaɗai ya shiga sau biyu. Wannan ɗan taƙaitaccen tebur shi ne komai, domin kusan duk wata siffa mai nauyi da lambar ke da ita daga gare shi take fitowa. Umarnin numdiv ya nuna cewa lambobi 48 ne ke raba ta ba saura, kuma mai karatu zai iya tabbatar da haka da alƙalami idan ya ƙara 1 a kan yawan shigar kowane tubali ya ninka sakamakon, wato 2 sau 3 sau 2 sau 2 sau 2. Umarnin sigma ya tara waɗannan 48 ya ba da 3,211,610,688. Idan aka cire lambar kanta, saura 1,977,042,798, wanda ya fi ta girma, saboda haka tana cikin rukunin lambobi masu yalwa, waɗanda jimillar masu raba su ta haura su. Umarnin eulerphi kuma ya ƙirga lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa tubali ko ɗaya da ita ba, ya samu 329,040,288.

Akwai ma abin da ba sai an tambayi manhajar ba idan teburin yana gaban mutum. Tun da 3 ya shiga sau biyu, 9 tana raba lambar, don haka umarnin moebius, wanda ke ba da sifiri duk lokacin da wani tubali ya shiga fiye da sau ɗaya, zai ba da sifiri. Tun da kuma 3,607 da 3,803 kowanne yana barin saura 3 idan aka raba shi da 4, kuma kowanne sau ɗaya ya shiga, to babu yadda za a rubuta 1,234,567,890 a matsayin jimillar lambobi biyu da aka ninka kowace da kanta. Wannan ita ce fa'idar farko da na gani a tsarin PARI/GP. Ba ta miƙa wa mutum hukunci a dunƙule, tana ajiye masa dalilin a gabansa, kuma bayan ɗan lokaci sai ya fara hango amsar kafin ya danna maɓalli.

A nan ne bambancinta da masu jera laƙabobi ya fi fitowa fili. Lambar 1,234,567,890 tana ɗauke da kowane alƙalami daga 0 zuwa 9 sau ɗaya, kuma jimillar alƙalumanta, wato 45, tana raba ta ba saura, amsar ita ce 27,434,842. Waɗannan siffofi ne masu daɗin ji, kuma su ne ake yawan sa wa a sahun gaba, amma na tsarin rubutun goma-goma ne, wanda 'yan Adam suka zaɓa. Idan aka rubuta wannan lamba a tsarin sha shida-sha shida da masu kwamfuta ke amfani da shi, za ta zama 499602D2, duk wancan kyakkyawan jeri ya watse, a tsarin bibbiyu kuma za ta zama sifiri da ɗaya guda 31. Tubalanta kuwa suna nan yadda suke, masu raba ta suna nan 48, yalwarta ba ta motsa ba. Haka zancen yake ga 73,939,133, wadda ta shahara domin duk lokacin da aka yanke alƙalamin ƙarshe na dama abin da ya rage gagara-rabo ne, har a kai ga 7, kuma ita ce mafi girma da ke da wannan hali. Kasancewarta gagara-rabo nata ne, wasan yankewar kuwa na tsarin goma ne. PARI/GP tana da umarnin digits da sumdigits da binary don irin waɗannan tambayoyi, amma dole ne mai tambaya ya kira su da kansa, kuma digits yana karɓar tsarin da ake so, abin da ke tuna wa mutum kullum cewa zaɓi ya yi. A ganina wannan ya fi koyarwa a kan jerin da ke gwamutsa riga da jiki wuri guda.

Gwaji na biyu na yi shi ne da 8,589,869,056, wadda Pietro Cataldi ya gano a 1588. Tubalanta biyu ne kacal, 2 sau 16 da kuma 131,071, wanda shi ne 2^17 − 1. Masu raba ta 34 ne, jimillarsu 17,179,738,112, wato ninki biyu na lambar daidai ba ƙari ba ragi, kuma wannan ne ke sanya ta cikin kammalallun lambobi, 'yan uwan 6 da 28 da 496 da 8,128. Manhajar ba ta da umarni na musamman da zai ce lamba kammalalliya ce, sai dai mutum ya rubuta sigma(n) == 2*n, ta ba shi 1 idan haka ne ko 0 idan ba haka ba ne. Da farko na ɗauki wannan a matsayin gazawa, daga baya na fahimci cewa wannan ɗan layin shi ne ma'anar kammalalliyar lamba gaba ɗaya, kuma wanda ya rubuta shi sau biyu ba zai sake mantawa da ita ba. Umarnin ispolygonal ya tabbatar da cewa ita ce jimillar dukkan lambobi daga 1 zuwa 131,071, binary kuma ya nuna ta a matsayin ɗaya guda 17 a jere sai sifiri guda 16. Euclid ne ya nuna cewa wannan fasali yana haifar da kammalalliyar lamba muddin lambar da jerin ɗayan ke wakilta gagara-rabo ce, kamar 131,071, Euler kuma ya tabbatar da cewa duk kammalalliyar lamba da take cika wannan fasalin take da shi. Har yau ba a samu kammalalliya da take mara ba, kuma ba a tabbatar da cewa babu ita ba.

Inda ƙarfin manhajar ya fara bayyana sosai shi ne lokacin da lambar ta wuce abin da kalkuleta da manhajojin teburin lissafi ke iya riƙewa. Excel, alal misali, alƙaluma 15 na farko kawai yake adanawa, ya mayar da sauran sifiri, kuma harsunan kwamfuta da yawa suna fara kuskuren ƙirga da zarar an haura 2^53, wato 9,007,199,254,740,992, idan aka yi amfani da nau'in lambar da suka saba da shi. PARI/GP ba ta zagaye lamba, tana riƙe kowane alƙalami komai tsawon lambar muddin ma'ajiyar kwamfutar za ta ɗauka. Ko 7/2 aka rubuta mata, 7/2 za ta mayar, ba za ta ce 3.5 ba sai an nemi hakan. Na ba ta 2^32 + 1, wato 4,294,967,297, wadda Fermat ya yi zaton gagara-rabo ce har Euler ya nuna a 1732 cewa 641 sau 6,700,417 ce, ta fitar da tubalan biyu nan take. Sai na ba ta 2^67 − 1, wato 147,573,952,589,676,412,927. Marin Mersenne ya sanya wannan lamba cikin jerin gagara-rabo da ya wallafa a 1644, Édouard Lucas ya nuna a 1876 cewa tana rabuwa ba tare da ya san masu raba ta ba, sai a 1903 Frank Nelson Cole ya gabatar da su a taron masana lissafi a New York: 193,707,721 sau 761,838,257,287. Manhajar ta fitar da su cikin ƙiftawar ido. Wanda ke son sanin ainihin lokacin da aiki ya ci zai iya rubuta ## bayan amsar ta fito.

Labarin Lucas da Cole ya ƙunshi wani abu da duk mai amfani da irin wannan manhaja ya kamata ya riƙe, cewa sanin lamba tana rabuwa daban ne da sanin masu raba ta, kuma na farkon ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi yaba wa PARI/GP a kai, wato yadda ta raba zato mai rinjaye da yaƙini, ta ba kowanne umarninsa. Umarnin ispseudoprime yana yin gwajin da ake kira Baillie-PSW, wanda aka wallafa a 1980. Idan ya ce lamba tana rabuwa, maganar ta ƙare, tana rabuwa. Idan kuma ya ce ta tsallake, to ga lambobin da ke ƙasa da 2^64 an riga an bincika an tabbatar babu mai rabuwa da ke tsallake shi, amma ga waɗanda suka haura haka babu hujja, illa dai ba a taɓa samun wadda ta yaudare shi ba. Umarnin isprime shi ne mai kawo hujja cikakkiya, ta hanyoyin da suka fi cin lokaci, kuma primecert yana iya fitar da shaidar da wata manhaja dabam za ta duba ta gaskata.

Wannan rarrabewa tana da dalili, domin akwai lambobin da ke shigar burtu. Gwajin da ya samo asali daga Fermat yana cewa idan p gagara-rabo ce mara, to 2^(p − 1) zai bar saura 1 idan aka raba shi da p. Amma 341, wadda ita ce 11 sau 31, ita ma tana barin saura 1. Lambar 561, wato 3 sau 11 sau 17, ta fi ta iya yaudara, domin tana tsallake wannan gwaji da kowace lamba da ba ta haɗa tubali da ita ba, ba 2 kaɗai ba. Irin waɗannan su ake kira lambobin Carmichael, kuma a 1994 Alford da Granville da Pomerance suka tabbatar da cewa ba su da iyaka. A manhajar, Mod(2,561)^560 yana ba da saura 1 kamar yadda gagara-rabo za ta bayar, amma ispseudoprime(561) yana ba da 0, domin gwajinsa ya fi na Fermat tsauri. Akwai wani lungu a nan da sabon shiga ba zai lura da shi ba sai ya karanta littafin jagora: tubalan da factor ke fitarwa, idan manya ne, gwajin zato kawai suka tsallake, sai an kunna zaɓin factor_proven sannan za ta tsaya ta kawo hujja a kan kowanne. An rubuta wannan ƙarara a cikin jagorar, ba a ɓoye shi ba, amma da an sa wata 'yar alama a jikin amsar da ya fi.

Iyakar manhajar a wannan fage ita ce iyakar dabarun da aka zuba mata. Idan aka ba ta lamba ta warware, tana fara gwada ƙananan gagara-rabo, sannan ta bi da dabarun Pollard da Shanks da Lenstra, ta ƙare da hanyar tankaɗe da ake kira MPQS. Matuƙar lambar tana da tubali ƙarami ko matsakaici, za a same shi da wuri ko da lambar doguwa ce. Amma idan lamba mai alƙaluma ɗari ko fiye an gina ta ne da manyan gagara-rabo biyu masu kusan tsawo ɗaya, to mutum zai gaji da jira, domin babu babbar hanyar tankaɗe ta NFS a cikinta, wadda ita ce ake amfani da ita ga irin waɗannan. Don a ga girman aikin, lambar RSA-250 mai alƙaluma 250 an warware ta ne a watan Fabrairun 2020 da manhajar CADO-NFS, kuma ta ci kimanin shekaru 2,700 na aikin ƙwaƙwalwar kwamfuta guda idan aka tara. Wahalar warware irin wannan lamba ita ce ginshiƙin tsarin ɓoye saƙo na RSA, don haka ba laifin PARI/GP ba ne. Abin da ya kamata mai amfani ya sani shi ne, duk umarnin da ya dogara da tubala, irin su sigma da numdiv da eulerphi, zai maƙale a inda factor ya maƙale. Akwai damar a ba factor iyaka a ce kada ya nemi tubalin da ya haura wata lamba, sai dai a irin wannan hali layin ƙarshe na teburin zai iya zama lambar da ba a gama warwarewa ba, kuma dole ne a gwada ta dabam.

Haka kuma ba a yi ta don farautar gagara-rabo mafi girma ba. Ana iya rubuta gwajin Lucas-Lehmer a cikinta da layuka uku ko huɗu, a fara da 4, a riƙa ninka sakamakon da kansa ana ɗebe 2 ana ɗaukar saura bayan an raba da lambar da ake gwadawa, kuma da shi na tabbatar da 2^127 − 1, lamba mai alƙaluma 39 wadda Lucas ya tabbatar da hannu a 1876 kuma ta riƙe kambun gagara-rabo mafi girma da aka sani har 1951. Amma 2^136,279,841 − 1, wadda Luke Durant ya gano a watan Oktoban 2024 a ƙarƙashin shirin GIMPS na farautar manyan gagara-rabo, tana da alƙaluma 41,024,320, kuma irinta sai manhajojin da aka ƙera don wannan aiki kaɗai.

Sauran ƙorafe-ƙorafen na sabo ne. Umarnai da littafin jagora da saƙonnin kuskure duk da Turanci suke, kuma jagorar an rubuta ta ne don wanda ya riga ya san lissafin, tana faɗin abin da umarni ke yi ba tare da ta tsaya koyar da ma'anarsa ba. Rubuta alamar tambaya ɗaya kafin sunan umarni yana kawo taƙaitaccen bayani, biyu kuma suna kawo cikakke, kuma wannan ya isa ga mai haƙuri. Ma'ajiyar aiki da take farawa da ita ƙarama ce, saboda haka babban lissafi yakan tsaya da saƙon cewa wurin ya cika, sai an faɗaɗa shi ta hanyar parisizemax, abin da ke firgita sabon shiga alhali gyaransa layi ɗaya ne. Ba ta kuma raba alƙaluma uku-uku da waƙafi, don haka karanta amsa mai alƙaluma 21 yana buƙatar natsuwa.

Ga ɗalibin da ke son a faɗa masa laƙabin lamba don ya cike gurbi a takarda, shafin intanet na Wolfram Alpha ya fi sauƙin sha'ani, domin ana rubuta masa lambar kawai ya kawo bayanai a tsare. Ga malamin lissafi, da ɗalibin jami'a, da mai sha'awar da ke son ya gwada tambayarsa a kan lambobi dubu ko miliyan a jere, PARI/GP ta fi, domin da layi ɗaya za a iya cewa ta bi lambobi daga nan zuwa can ta ware masu yalwa, ko ta nemo gagara-rabo ta farko da ke bin wata lamba ta hanyar nextprime. Tana kuma tafiya kafaɗa da kafaɗa da OEIS, kundin jerin lambobi da Neil Sloane ya fara tarawa a 1964, inda shafuka da yawa ke ɗauke da 'yan layukan PARI da mutum zai kwafa ya liƙa ya ga jerin yana fitowa a gabansa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya buɗe ta a shafinta na intanet kafin ya sauke komai, ya koyi factor da sigma da numdiv da isprime, ya maimaita gwajin 1,234,567,890 har ya iya fitar da 48 da 3,211,610,688 daga teburin tubalan da alƙalaminsa, sannan ya matsa zuwa 2^67 − 1.